Ƙarfe riƙo yake yi, ƙashi ne ke warkewa

Ƴan uwa manoma da makiyaya, maza da mata, darasinmu na wannan karo ya shafi karaya, da ƙarfen da likita ke sa wa mutum a jiki domin ƙashi ya haɗe. A da, ba kasafai ake jin an sa wa mutumin karkara ƙarfe ba. Yanzu kuwa, a gundumomin Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, ana samun waɗanda suka dawo daga asibiti da ƙarfe a cinya, ko a ƙwauri, ko a ƙugu.

Wasunsu sun warke sarai, sun koma gona. Wasu kuwa ƙarfen ya karye a jikinsu, ko ƙashin ya sake karyewa, ko wurin ya riƙa zubar da mugunya. Sau da yawa abin da ya bambanta su shi ne irin kulawar da aka yi a gida bayan sallama daga asibiti. Saboda haka ga magana ɗaya da ya kamata kowa ya riƙe: ƙarfe riƙo kawai yake yi, ƙashi ne ke warkewa.

1. Inda karaya ke samun mutanenmu

Babbar hanyar kwalta mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, ta ratsa gundumomin nan uku. Ta bi ta Gidan Rumji da Tsibiri, ta wuce Maraɗi, ta bi ta Caduwa da Agiye da Gazawa, sannan ta shiga Tasawa. A kanta manyan motoci da ƴan kabu-kabu da amalanken shanu da masu tafiya a ƙasa suke cuɗanya, musamman ranar kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara a duniya. Waɗanda ke jin rauni sun ninka haka sau da yawa. Wanda ke kan babur ba ya da abin da zai kare masa ƙafa, don haka cinya da ƙwauri su ke fara karɓar dukan.

Ban da hanya, akwai haɗarin gida da na gona. Mutum yakan faɗo daga gawo wajen sare wa dabbobi ganye, ko daga kuka wajen ɗibar miya. Amalanke yakan kife da kaya. Sa yakan tunkuyi mai shi. Katanga takan faɗi da damina. Tsoho ko tsohuwa kuwa, santsi kaɗan a makewayi ya isa ya karya masu wuyan ƙashin cinya, domin ƙashin mai shekaru yana raguwa da ƙarfi, kamar itacen da gara ta ci ta ciki.

2. Yadda ƙashi ke warkewa

Babban mutum yana da ƙasusuwa 206 a jikinsa. Ƙashi abu ne mai rai. Jini yana gudana a cikinsa, kuma akwai ɓargo a tsakiyarsa. In ya karye, jini yakan taru a bakin karayar ya daskare. Bayan ƴan makonni, jiki ya gina wani abu mai taushi kamar guringuntsi, ya haɗa gutsattsarin. Sannu a hankali wannan abu ya taurare, ya zama sabon ƙashi.

Wannan gini yana bukatar abu uku. Na ɗaya, bakin ƙasusuwan su dace da juna. Na biyu, kada su riƙa motsi. Na uku, jini ya isa wurin, kuma ƙwayoyin cuta kada su shiga.

Lokacin warkewa ya danganta da ƙashin da kuma shekarun mai shi. Hannun yaro yakan haɗe cikin mako 4 zuwa 6. Wuyan hannun babba yakan ɗauki wajen mako 6. Ƙwaurin babba yakan ɗauki wata 3 zuwa 4, wani lokaci fiye. Cinya kuwa takan kai wata 3 zuwa 6. Fatar da aka ɗinke tana rufewa cikin mako 2, shi ya sa mutane ke ruɗuwa. Suna ganin miki ya warke a waje, alhali a ciki ginin bai bushe ba.

3. Ire-iren ƙarfen da likita ke sakawa

Karaya da yawa ba su bukatar fiɗa. Likita yakan daidaita ƙashin, ya naɗe shi da farin simintin asibiti. Amma akwai waɗanda siminti ba ya riƙewa, kamar karayar cinyar babba, da wadda ta shiga cikin gaɓa, da wadda ƙashi ya farfashe. A nan ne ake sa ƙarfe.

a) Sandar ƙarfe. Ana zura ta cikin ramin ɓargo, a kulle ta sama da ƙasa da kusoshi masu murɗi. An fi sa ta a cinya da ƙwauri. Wani likita Bajamushe, Gerhard Küntscher, shi ya fara wannan aiki a shekarar 1939.

b) Fallen ƙarfe mai huji-huji. Ana shimfiɗa shi a jikin ƙashi, a ɗaure da kusoshi. An fi sa shi a hannu da kusa da gaɓoɓi.

c) Ƙarfen waje. Ana kafa tsinkayen ƙarfe a ƙashi ta cikin fata, a haɗa su da sanda a waje. Ana yin sa ne in karayar tana da babban rauni da ke bukatar wanki.

d) Gaɓar ƙarfe. In kan ƙashin cinya ya mutu, ko ya karye yadda ba zai haɗe ba, likita yakan cire shi ya sa na ƙarfe mai kai kamar ƙwallo, wani lokaci har da mazauninsa na roba mai tauri. Ana yin irin wannan a gwiwa ma. Wani likitan Ingila, John Charnley, shi ya kyautata wannan aiki a shekarar 1962. A ƙasashen Turawa tsofaffi aka fi yi wa. A ƙasar Hausa kuwa, har matasa sukan bukace shi, domin amosanin jini, wato sikila, yakan toshe hanyar jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, har ya mutu.

Ba ƙarfen maƙera ake sakawa ba. Ƙarfe ne na musamman wanda ba ya tsatsa a jiki, kamar wanda ake kira titaniyam.

4. Matsalolin da kan biyo baya

Mafi yawan waɗanda aka sa wa ƙarfe suna warkewa lafiya. Amma ga matsaloli shida da ya kamata a sani.

Ta ɗaya: karyewar ƙarfen. Ɗauki waya ka lanƙwasa ta gaba da baya. Sau ɗaya ba ta tsinkewa. In ka yi ta yi, sai ta gaji ta tsinke. Haka ƙarfen jiki yake. Kowane taku yana lanƙwasa shi kaɗan, kuma mutum yana taku dubbai a yini. Ƙarfen kamar gwafa ce da aka tokare katanga da ita kafin laka ta bushe. In ƙashi ya haɗe da wuri, sai ya karɓi nauyin jiki, ƙarfe ya huta. In bai haɗe ba, mutum kuma ya ci gaba da takawa, ko ya ɗora buhun aya a ka, wata rana ƙarfen zai lanƙwashe ko ya karye. Daga nan sai sabuwar fiɗa, wadda ta fi ta farko wuya da tsada.

Ta biyu: karayar ƙashi a bakin ƙarfe. Kowane manomi ya san inda ƙotar gatari ta fi tsagewa: daidai inda ƙarfe ya shiga itace. Dalili shi ne abu mai tauri ya haɗu da wanda bai kai shi ba, duk ƙarfin sara kuma a nan yake taruwa. Haka nan, in mai ƙarfe ya faɗi, ƙashin yakan karye daidai inda sanda ko falle ko gaɓar ƙarfe ta ƙare. Tsofaffi sun fi shiga wannan haɗari. Irin wannan karaya ba ta ɗoruwa a gida, domin akwai ƙarfe a tsakani, kuma mai yiwuwa ya saki daga mazauninsa.

Ta uku: ƙwayoyin cuta. Jini ba ya gudana a cikin ƙarfe. In ƙwayoyin cuta suka isa wurin, sai su manne masa, su lulluɓe kansu da wani yauƙi, kamar gansakuka a cikin randa. Magani yana bin jini ne, don haka da wuya ya kai gare su. Mutum ya sha magani, mugunya ta tsaya, bayan ƴan makonni ta dawo. Sau da yawa sai likita ya sake buɗe wurin ya wanke, wani lokaci ya cire ƙarfen. Cutar takan shiga ta raunin haɗarin, ko lokacin fiɗa, ko ta mikin da ba a kula da shi ba. Takan kuma biyo jini daga wani wuri, kamar ruɓaɓɓen haƙori ko maruru, ko da bayan shekaru. Mai ciwon suga da mai amosanin jini sun fi saurin kamuwa.

Ta huɗu: sassautawa. Gaɓar ƙarfe tana cinyewa da aiki, kamar yadda bakin garma ke cinyewa. Bayan shekaru takan saki daga ƙashi, ta fara girgiɗi. Alamarta ciwo ne a cinya ko a matsematsi idan an tashi tsaye, ko kuma ƙafa ta fara gajarta. Wani bincike da aka buga a Ingila a shekarar 2019 ya nuna cewa cikin gaɓoɓin ƙugu 100 da aka sa, wajen 58 suna nan suna aiki bayan shekara 25. Mafi yawan waɗanda aka bincika masu shekaru ne, ba masu noma da hannu ba. Matashi mai aikin ƙarfi ya sani tasa za ta fi saurin gajiya.

Ta biyar: gocewa. Ƙwallon gaɓar ƙugu yakan fita daga mazauninsa, musamman cikin wata 3 na farko, kafin nama ya riƙe shi. Tsugunno, da zama a tabarma, da harɗe ƙafafu, da duƙawa ƙasa sosai, su ke jawo haka. Mutum zai ji zafi mai tsanani farat ɗaya, ƙafar ta gajarta ta juya, ya kasa takawa.

Ta shida: daskarewar jini da sandarewar gaɓa. Wanda ya daɗe a kwance ba motsi, jini yakan daskare a jijiyar ƙafarsa. Gudan jinin yana iya tafiya har huhu, ya kashe shi. Gaɓar da ba a motsa ta kuma takan sandare. Shi ya sa likita ke umartar majinyaci ya riƙa motsa yatsu da idon sawu tun ranar farko, ya kuma tashi da sanduna da zarar an ba shi izini. Motsa gaɓa daban, ɗora mata nauyi daban. Likita ne zai faɗi lokacin kowanne.

5. Maɗori da mai ƙarfe

Ɗori tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, ta gado ce a gidaje da yawa. Maɗori yana kusa, ana iya biyansa da abin da ya sawwaƙa, kuma mutane sun yarda da shi. Ƙananan karayoyi da ba su goce ba sukan haɗe a hannunsa. Amma maɗori da hannu yake lalube, ba ya ganin cikin jiki. Likita kuwa yana da hoton ƙashi, wanda ake kira radiyo. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar wannan hoto da shi tun shekarar 1895.

Ga wanda ke da ƙarfe a jiki, abubuwa uku na gargajiya suna da haɗari ƙwarai.

Ja da murza. Suna iya tumɓuke kusoshi, su lanƙwasa falle, ko su ƙara tsaga ƙashin.

Tsaga da ƙaho da sakiya a kan wurin. Duk abin da ya huda fata a saman ƙarfe ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Ɗauri mai tsanani. Wannan haɗari ne ga kowane mai karaya, da ƙarfe ko babu. Wurin da ya karye yana kumbura. In an ɗaure shi tam da karare da igiya, jini ba zai wuce ba. Naman da ya yi wajen awa 6 babu jini yakan fara mutuwa. Yatsu su yi sanyi, su yi baƙi, hannu ko ƙafa ta ruɓe. A wannan hali ba abin da ya rage wa likita sai yankewa, domin a ceci rai. Mutane sukan ce asibiti yanke ƙafa suke yi. Gaskiyar ita ce, sau da yawa ƙafar ta riga ta mutu kafin a kawo ta.

Maɗorin da ya san aikinsa, in ya ga tabon fiɗa, ko ya ga ƙashi ya huda fata, zai ce a wuce asibiti. Wannan ba kasawa ba ce, sanin ya kamata ne.

6. Alamomin da ba a kwana da su

Mai ƙarfe a jiki ya koma asibiti a ranar, in ya ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Mugunya ko ruwa yana fita daga miki, ko wani ƙaramin huji ya ɓullo kusa da tabon.
2. Wurin ya kumbura, ya yi zafi, ga kuma masassara.
3. Ciwo ya dawo bayan ya lafa, ko yana ƙaruwa kullum.
4. An ji ƙara a ciki, ko ƙafar ta lanƙwashe, ko ta gajarta.
5. Mutum ya kasa taka ƙafar da yake takawa jiya.
6. Yatsu sun yi sanyi, ko sun mutu, ko sun sauya launi.
7. Sha-raɓa ya kumbura yana ciwo.
8. Ƙirji yana ciwo, numfashi yana sama-sama. Wannan na gaggawa ne, ko da tsakar dare.

A guji sayen ƙwayoyi wajen masu talla a kasuwa. Taramol da ire-irensa suna danne zafi ne kawai. Zafi kuwa ɗan saƙo ne, yana gaya maka akwai ɓarna a ciki. Wanda ya danne shi ya tafi gona, ya kori ɗan saƙo ne, ɓarnar tana nan tana ƙaruwa.

7. Abin yi idan mutum ya karye, ko mai ƙarfe ya faɗi

1. Kada a tsayar da shi don a gwada ko zai iya takawa.
2. Kada a ja, kada a murza, kada a mayar da ƙashin da ya fito.
3. In akwai rauni, a rufe shi da ƙyalle mai tsabta. In jini na zuba, a danna da hannu a kan ƙyallen. Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko baƙin mai, ko garin magani.
4. A sami katako ko miƙaƙƙen itace, a naɗe shi da zane, a jera a gefen ƙafar. Tsawonsa ya wuce gaɓar sama da ta ƙasa. A ɗaure sako-sako, yadda yatsa zai iya shiga. A bar yatsun ƙafa a waje, a riƙa duba su.
5. A ɗauke shi a kwance, bisa ƙyaure ko gado, a sa shi a mota ko amalanke. Mai karayar cinya ko ƙugu ba a goya shi a babur.
6. Kada a cika masa ciki da fura ko tuwo a hanya, domin mai yiwuwa a yi masa allurar barci.
7. A tafi da karnensa na asibiti da dukan hotunan ƙashinsa na baya.

Karayar da ta huda fata ba ta jiran gobe. Tana bukatar wanki, da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin awannin farko, da allurar rigakafin sarƙe-haƙora, wato tetanos.

8. Ina za a nufa?

A fara da gidan likita mafi kusa, wato CSI. A can za a tsayar da jini, a rage zafi, a rubuta takardar turawa gaba. Daga nan sai asibitin gunduma, kamar na Agiye ko na Gidan Rumji. Aikin sa ƙarfe ko gyara shi na likitan fiɗar ƙashi ne, don haka yawanci sai an dangana da manyan asibitocin Maraɗi. Daga Agiye zuwa Maraɗi wajen kilomita 80 ne, daga Gidan Rumji kuwa wajen 50.

Akwai kuma asibitin Galmi a jahar Tawa, bisa wannan hanya ta kwalta, wanda ke aiki tun 1950, kuma an san shi da fiɗa. A Yamai akwai manyan asibitocin ƙasa, da asibitin yara na CURE da aka buɗe a 2010, mai gyaran ƙafafu da ƙasusuwan yara. A Kano ta Najeriya akwai asibitin ƙashi na Dala, wanda aka kafa a 1959.

In da hali, a koma wurin da aka yi aikin farko. Kowane irin ƙarfe da kayan kwance shi, kuma wanda ya saka shi ya fi sanin yadda yake zaune. Kafin a sallame ka, roƙi likita ya rubuta a karne irin ƙarfen, da ranar da aka sa shi, da ranar dawowa. Ajiye karnen da hotunan a cikin leda, inda ruwa da gara ba za su taɓa su ba. Wanda ya koyi karatu zai iya duba ranar da kansa, ya kuma duba wa maƙwabcinsa.

9. Zaman jinya a gida

Abinci. Ƙashi da abinci ake gina shi. A ba majinyaci nono da madara, da wake, da gyaɗa, da riɗi, da ƙwai, da ƙananan kifi, da nama in ya samu. A yawaita zogale da miyar kuka. Ya riƙa fitowa hantsi, domin hasken rana yana taimakon jiki wajen ƙarfafa ƙashi. Taba kuwa tana rage jinin da ke isa wurin karaya, tana jinkirta haɗewa. A bar ta.

Tsabta. Kada a kwance bandeji a gida sai da umarnin ma'aikacin lafiya. Kada ruwan wanka ya jiƙa miki kafin ya rufe. Mai ƙarfen waje ya tsabtace gindin tsinkayen yadda aka koya masa, ya kare su daga ƙuda da ƙura.

Zama da tashi. Wanda aka sa wa gaɓar ƙugu ya zauna a kujera mai tsayi, ya kwana a gado. A huda kujera a ɗora ta bisa bakin masai, don kada ya tsuguna. Malamai sun bayyana cewa mara lafiya yana iya salla a zaune, saboda haka ya yi ta a kujera har likita ya ba shi izini. A kawar da igiyoyi da turaku daga hanyarsa, a ba shi fitila da dare, a zuba yashi inda ke da santsi.

Aikin gona. Nan ne jarrabawar take. A ce an yi wa magidanci aiki a cinya cikin watan Afrilu. Ruwan shuka ya sauka a watan Yuni. Miki ya rufe, zafi ya ragu, maƙwabta duk sun fita. Zuciya za ta ce masa ya ɗauki hauya. Amma wata 2 kawai ke nan, ƙashin cinya kuwa bai gama haɗewa ba. In ya fita ƙarfen ya karye, ya rasa wannan damina da mai zuwa, ya kuma sayar da dabbobinsa don fiɗa ta biyu. Gara ƴan uwa su yi masa gayya, shi kuwa ya zauna a inuwa yana gyaran iri. Matar da aka yi wa aiki ita ma a ɗauke mata daka da jan ruwa da ɗaukar itace. Hoto ne kaɗai ke nuna ƙashi ya haɗe. Sannu ba ta hana zuwa.

10. Shin dole ne a cire ƙarfen?

Ba dole ba ne. Mutane da yawa suna rayuwa da shi har tsufa ba tare da wata damuwa ba. Gaɓar ƙarfe ba a cire ta sai ta sami matsala. Ƙarfen waje ana cire shi bayan makonni ko watanni. Sanda da falle kuwa, in suna damun mutum, likita yakan cire su bayan ƙashi ya haɗe sarai, yawanci ba kafin shekara 1 ba. Bayan cirewa, hujojin kusoshi suna nan a ƙashin, kuma yana iya karyewa ta wurinsu. Sai a ƙara haƙuri na wasu makonni kafin a koma aikin ƙarfi.

Ana cewa ƙarfen jiki yana jawo tsawa, ko yana hana haihuwa. Ba haka ba ne. Wasu sukan ji ɗan tsami a wurin lokacin hunturu. In babu kumburi ko masassara, wannan ba abin tsoro ba ne. A rufe wurin da tufa mai kauri.

Abin da ya rage gare mu shi ne rigakafi. Mai babur ya rage gudu da lodi. Mai amalanke ya guji hawa kwalta da dare babu fitila. Mai hawan itace ya gwada reshe kafin ya taka. Wanda kuma aka riga aka sa wa ƙarfe, ya kiyaye ranar komawa asibiti ko da ba ya jin ciwon komai.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Waɗanne abubuwa uku ƙashi ke bukata kafin ya haɗe?
2. Me ya sa ƙarfe ke karyewa in an taka ƙafa da wuri?
3. A ina ƙashi ya fi karyewa in mai ƙarfe ya faɗi? Kwatanta shi da ƙotar gatari.
4. Me ya sa ba a yin tsaga ko ƙaho a kan wurin da ke da ƙarfe?
5. Rubuta alamomi huɗu da ke sa a koma asibiti a ranar.
6. In wani a garinku ya karye ana gab da shuka, ta yaya za ku taimake shi don kada ya fita gona? Ku rubuta shawararku, ku karanta wa juna.